Ya Girme Ni?

Mama Laraba ba ta taɓa kwance bakin zanenta ta ciro kuɗi ba sai ta yi tambaya ɗaya: "Ya girme ni?" Ku da kuka zauna da ita a Kafanchan kun sani. Ta yi wa mai busasshen kifi, tana nuna kifin. Sabon fasto ma da aka kawo mana, sai da ta tambaye shi kafin ta sa baiko.

Ni ce Rahila, 'yar ƙaninta. Ba ni da yawan magana, kullum kaina na cikin littafi, shi ya sa ta raɗa mini Sakatare. Wani hutu na dawo daga jami'a, inda nake karatun tarihi, ta buɗe littafina ta ga hotunan gine-ginen ƙasashen waje.

"Ina namu?"

Na ce ba a sa ba.

"To, ɗauki biro."

Abin da take so shi ne ta kai ni kan dutsen Kagoro, kufan da aka haife ta, ta nuna mini dutsen niƙan uwarta in rubuta. Ita kaɗai ta rage da ta san wurin. Amma likita ya hana ta hawa ko da bene saboda zuciyarta, ɗanta Bulus kuma ya sa mata ido. Sai ta ce masa za ta zaga da ni wuraren tarihi a mota, Kajuru da Nok. Ba ta yi ƙarya ba, na ukun ne kawai ta haɗiye.

Guzurinmu fulas ɗin gwaten acca da dafaffiyar gyaɗa. A tasha ta nemi a ba mu kujera ɗaya mu biyu. Direba ya ƙi. Ta ce, "Dube ta da kyau, ɗana. Wannan takarda ce, ba ta da nauyi." Ni kunya kamar ƙasa ta tsage. Har Kasuwan Magani ina rabe a gefen cinyarta.

A Kajuru muka tsaya a ƙofar gidan duwatsun nan mai kama da na sarakunan Turawa. Mai gadi ya yi mana bayani da ladabi, ya faɗi kuɗin shiga. Mama ta ɗaga kai ta ƙare wa ginin kallo.

"Ya girme ni?"

"A'a, Mama. Kin girme shi nesa."

"Ashe ƙanena ne. Shi ya kamata ya sauko ya gaishe ni."

Muka zauna a inuwa muka sha gwate, muka ba ƙanen baya.

Bayan kwana biyu muka je Nok. Can kam na san ta kamu, domin kawunan yumɓun da aka tono aka ajiye a gidan tarihin garin sun girmi kowa. Ta tsaya gaban wani kai mai manyan idanu, ta rusuna ta ce, "Sannu, Kaka. Yaya gajiya?" Wata mata da ta zo da 'yan makaranta ta ce, "Haba Mama, ke da kike sanye da zanen zumuntar matan coci, kina gaida gunki?"

"Gunki? Dubi kitsonta. Haka uwata ke yi mini ranar kasuwa. In naki kakannin ba su iya komai ba, kar ki shafa wa nawa."

Da ma'aikacin wurin ya zo maganar kuɗi, na raɗa mata, "Mama, wannan fa ya girme ki."

"Shi ya sa. A garinku ana biya kafin a gaida kaka?"

Na rubuta a littafina cewa ƙarami ba a biya, babba ba a biya. Daga baya na zagaya na ba mutumin kuɗin abincina. Har ta rasu ban gaya mata ba.

Ranar Kagoro, Bulus ya gano. Mun sauka daga acaba a gindin dutse ke nan, sai ga shi a kan mashin, yana haki.

"Mama, likita ya ce me?"

"Likitan ya girme ni?"

"Idan kika faɗi a can fa?"

"Sai ka ce na faɗi a gida. In na mutu a kan gadonka, wa zai nuna wa yarinyar nan? Kai ka san wurin?"

Bai sani ba. Ya kafe mashin ya karɓi fulas.

Mun yi ta hawa tun hantsi har rana ta take. Sau goma sha ɗaya ta zauna, na ƙirga, kuma kowane zama ta ce ni da takalmina na 'yan birni take jira. Leɓenta ya yi fari, Bulus yana ta addu'a ƙasa-ƙasa. A sama babu komai sai ciyawa da tarin duwatsu. Na ce, "Wannan ne kufan?"

"Kufai na baƙo ne. Rubuta gida."

Ta ratsa ciyawa ba ta ko laluba, ta tsaya kan wani falalen dutse mai rami santsi, tsawon hannu. Ta durƙusa ta sa tafinta a ciki. Ta faɗi sunan uwarta, da na kakarta, da na matar da ta fara niƙa a wurin, ta sa na maimaita har na iya furta su yadda ake faɗa a yarenmu. Sannan ta ce, "Wannan ya girme ni." Ta kwance bakin zane, ta ajiye naira hamsin a ramin, ta danne da tsakuwa. Bulus ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin ta biya kuɗi babu ciniki ba.

Da goyo ya sauko da ita, tana yi masa faɗan yana girgiza ta kamar buhun citta.

Ta ƙara wata bakwai a duniya. Sunayen nan uku yanzu suna shafin farko na aikin kammala karatuna, kuma na san hanya.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Laraba ta iso ƙofarka. Za ta yi tambayar, kar ka yi fushi. Ka gaya mata ka girme ta, kuma an riga an biya. Ka ba ta hutu. Amin.