Katunan da na ja wa layi a wuya

Shekarar da jirgin ƙasa mai sauri ya fara zirga-zirga tsakanin Paris da Lyon, ina ɗaukar dilolin gwanjo a wata mangazar ajiye kaya ta Aubervilliers, gefen Paris. Na yi karatun allo a Damagaram, ni ke rubuta wa mutanenmu wasiƙa da ajami, har suna ce mini Malam, kuma sunan ya ɗan hau mini kai.

Abokin kwanana ɗan Maraɗi ne. Yana da wani gwangwanin biskit cike da katunan 'yan ƙwallon Amirka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, kowa da hular kwano. Wansa da ya yi karatu can ne yake aiko masa da su cikin wasiƙa, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Da abokin nawa ya samu aiki a Lyon, sai ya bar mini gwangwanin amana, ya ce in riƙe har ya samu ɗaki.

Wata Juma'a na buɗe, na ga fuskoki a ɗakin da nake salla. Raina bai kwanta ba. Na ɗauko alƙalami da tawada, na dinga ja wa kowanne layi a wuya, wai in raba kai da jiki. Sai da na yi goma sha ɗaya tawada ta ƙare. Wallahi a lokacin lada nake zaton ina samu. Da abokin nawa ya zo ɗauka ya gani, bai yi faɗa ba. Ya ce da na rufe gwangwanin na tura ƙarƙashin gado ai ya wadatar. Ya tafi ba sallama.

Na rubuta sunayen goma sha ɗayan da ajami, yadda kunnena ya ji su, na yi niyyar ba zan je Lyon ba sai da madadinsu. A Faransa ta lokacin ba wanda ya damu da wannan wasa. Kowace Lahadi ina kasuwar tsofaffin kaya, masu tebur suna dariyar yadda nake kiran sunayen. Aljihun duk rigar gwanjon da ta zo daga Amirka sai na laluba. A shekara huɗu na haɗa goma. Na ƙarshen, katin shekarar farko ta wani ɗan wasa, wanda masu tarawa suka fi riƙewa, sai da wani tsohon Ba'amirke mai sayar da faifai ya rubuta wa ƙanwarsa ta aiko.

Na samu abokin nawa a unguwar Minguettes, gefen Lyon, a hawa na tara na wani bene. Bayan gaisuwa na ajiye ambulan a gabansa. Ya jima yana dubawa, sannan ya tambaye ni ko na yi bisimilla ranar da na yanka mutanensa. Ya ce sababbin ba su taɓa hannun wansa ba, don haka tsofaffin zai ci gaba da riƙewa da layinsu, amma ya karɓa, ya yafe duniya da lahira. Ya kira matarsa ya ce a ƙara kwano.

'Yan uwa, abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne balle ka gyara shi, ko da kana ganin don Allah kake yi. In ya dame ka, tambayi mai shi. Ni tambayar da ban yi ba ta ci mini shekara biyar.