Jar Fitila a Hannun Dama: Ta'aziyyar Ragnvald Tveit

"Ko hoto ɗaya ba zai fita daga hannuna ba sai da sunansa a ƙasa." Haka Torleif Hauge, shugaban ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garinmu, ya faɗa wa Oddny a ɗakin girkinta, washegarin ranar da muka binne mijinta Ragnvald. Ina wurin, ni ce ma na zuba masa kofi. Ya kwashi akwatunan fim na mamaci ya loda a mota, wai zai tsara su don baje kolin bana. Zan dawo kansa. Bari in fara da wanda ya fi shi daraja.

Ragnvald Tveit ya rasu ranar Talata, huɗu ga Maris, a gidansa mai kallon tashar jiragen ruwa ta Kristiansund, bayan doguwar jinyar huhu.

Ragnvald, malamin makaranta ne kai, amma garin nan da kyamara ya san ka. Ni kuwa a ɗakin karatu na san ka, inda nake aiki, kana shigowa wandonka sharkaf, kana ɗiga min ruwan gishiri a kan jaridu. In na yi faɗa sai ka ce in yi haƙuri, 'yar matuƙi, jirgi ba ya jiran mutum ya bushe.

Ba ka taɓa ɗaukar jirgi daga sama ba. Kakan jira ruwa ya janye, ka sauka matakalar dutse mai santsin gansakuka, ka kwanta rub da ciki har haɓarka ta kusa taɓa ruwa. Kakan ce wanda ya ɗauki jirgi a tsaye kayan ciki ya ɗauka, ba jirgin ba. Kakan bar fili a gaban goshinsa, domin ko a ɗaure yake ya samu inda zai dosa. Ba ka yanke sunan jirgi, ka ce kamar a yanke wa mutum fuska ne.

Lokacin da aka sayar da jirgin da mahaifina ya tuƙa don a farfasa shi, ban roƙe ka komai ba. Da sassafe cikin ƙanƙara ka je ka kwanta a matakalar nan, ka kawo wa tsohon hoton a asibiti. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce igiyar baya ta yi sako-sako. Ka yi dariya har da hawaye. Matan ma'aikatan jirgi nawa ne suke da irin wannan hoto a bangonsu, ba tare da ka karɓi komai ba sai waina da kofi?

To, makon jiya na ga takardar tallar baje kolin manne a tagar gidan burodi. Tsohon jirgin dakon kifi ne da gari bai gama wayewa ba, fitilunsa a kunne, an ɗauke shi daga bakin ruwa, ga fili a gaban goshinsa. A ƙasa an rubuta: Torleif Hauge.

Yanzu da kai nake, Torleif. Tun muna yara na san ka, ban taɓa ganin gwiwar wandonka a jiƙe ba. Kullum kana saman gaɓa, kyamara a kan ƙafafunta uku, kana tsoron takalminka. Da na tare ka a jirgin fito na tambaye ka, ka ce: "Haba Gunvor, jirgi ai na kowa ne. Duk wanda ya tsaya wuri ɗaya, hoto ɗaya zai ɗauka." Na ce ai matsalar ke nan, wannan ba a tsaye aka ɗauke shi ba. Ka ce littattafai sun cika min kai da zargi.

Wataƙila. Amma ba a littafi na koyi cewa jar fitila a hagun jirgi take ba, koriya a dama. Kowane yaro a garin nan ya san haka tun kafin ya iya ɗaura takalmi. A hotonka kuwa, ja tana dama. Ko dai jirgin nan shi kaɗai ya saɓa wa duk jiragen duniya, ko kuma wani ya kifa fim ɗin don kada a gane shi. Kuma an datse daidai inda sunan jirgin yake. Me ya sa? Don kada a ga haruffan sun fito a juye ne?

Ban gan ka kana yi ba, ba zan ce na gani ba. Amma da Oddny ta nemi akwati ɗaya don 'yarsu Sunniva, ka ce mata laima ta lalata wasu. Waɗanne? Ragnvald ɗin da ke ajiye fim a ɗakin da ya fi ɗakin barcinsa ɗumi? Oddny ba ta son rigima, ta gaji, ta ce in bari. Ban bari ba.

Ragnvald, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutu a tashar da babu guguwa. Oddny da Sunniva, da jikokinsa, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, ya tsare muku abin da ya bari.

Torleif, ana buɗe baje kolin ranar Asabar. Ka mayar da akwatunan ɗakin girkin da ka ɗauke su kafin azahar ɗin Juma'a, har da waɗanda laima ta ci, a kuma gyara sunan. In ba haka ba, zan zo ranar Asabar da tsofaffin matuƙan da ke shan kofi a bakin tasha, da madubin ɗakin wankana. Zan riƙe shi a gaban hoton, ja ta koma hagu, sannan in tambaye su a gabanka wa ya kwanta a matakalar nan.