Takardar da Ban Tambaya Ba, Mushe Tahiru

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Rajab, labari ya iso mini cewa Allah ya karɓi ran Mushe Tahiru (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), maƙwabcinmu a Zango, tsohon mai duba makarantun koyon sana'a a Damagaram.

Mushe, akwai maganar da na kasa faɗa maka kana raye.

Shekara huɗu da suka wuce na zo maka da murna: 'yata Ramlatu za ta shiga sabuwar lakwal, wato makaranta, ta kuɗi, ta koyi aikin jinya. Ka ce, "Malama Zuwaira, ki nemi a nuna miki takardar izinin gwamnati tukuna. In babu ita, difloma ɗin ado ne kawai."

Mai lakwal ɗin ɗan malamin da na yi sauka a hannunsa ne. Da wane baki zan ce wa ɗan malamina ya nuna mini takarda? Ban tambaya ba. Har na ja matan Islamiyyarmu suka kai nasu 'ya'yan, don sun yarda da ni. Da ka sake magana, na ce kana zargin gidan malamai, na janye ƙafa daga gidanka.

Bayan shekara biyu lokacin jarrabawar gwamnati ya zo, babu sunan yaranmu ko ɗaya. Aka wayi gari ƙofar lakwal da kwaɗo.

Kai ne ka tara su a zaurenka, ka rubuta musu koke. Kana fama da ciwon gwiwa, kana hawan kabu-kabu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan, har Yamai ka je. Wata lakwal mai izini ta karɓi goma sha ɗaya, aka lissafa musu shekara guda cikin biyun da suka yi. Uku sun riga sun haƙura da karatun, kuma ni na kai su. Ranar da ka kawo takardar karɓar Ramlatu, ina ɗaki ina jin muryarka, kunya ta hana ni fitowa. Na yi ta cewa gobe zan je.

Hajiya Hajara, uwargidan marigayi, ke da yara, ku yafe mini a madadinsa, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, Mushe, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma ya gafarta mini. Amin.