Gyaɗar Istifanus a Aljihun Markus

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Istifanus makwancinsa. Kowace shekara nakan yi shiru, in je majami'a, in dawo in ci gaba da koyarwata a firamare. Bana kam shirun ya ƙi, domin abin da na gani da idona a wani ɗakin taro a GRA ya tsaya mini a wuya.

Yaya masanin kimiyya ne, amma a gidanmu na Yelwa da ke Bauchi mai surutun gyaɗa muke kiransa. Aikinsa a ƙasar waje shi ne na'urar da ke auna nauyin furotin, wato ƙananan tubalan da aka gina jikin mai rai da su. Ana harba su ne cikin na'urar, a can ƙarshe kuma akwai ɓangaren da ke sanar da isowarsu. Shi wannan ɓangaren Yaya ke kira kunne. Ƙanana suna zuwa a guje, su bugi kunnen, ya ji. Manya-manyan kuwa, irin kwanson ƙwayar cuta da ake cusa wa magani, tafiyarsu a hankali take, sai kunnen ya zama kurma. Akwai wani kunnen, ɗan bututun ƙarfe da abu ke ratsawa a ji wutar lantarkin da yake ɗauke da ita, amma hayaniya ta yi masa yawa. Rage hayaniyar nan shi ya cinye ƙuruciyar yayana.

Ni da na tsani lissafi, yaya aka yi na san wannan? Duk zuwan da ya yi hutu sai ya zaunar da mu, ya ɗebo gyaɗa mai ɓawo, ya ɗauki biyu. "Rifkatu, a ido ɗaya suke. Wacce ce fanko?" Sai ya auna a tafin hannu, ya jijjiga a kunne, kamar yadda mahaifiyarmu ke yi in tana zaɓen iri. Ya ce kwanson da ba magani a cikinsa ba ya warkar da kowa, kuma nauyi ne kaɗai ke tona masa asiri. Mukan yi masa dariya, mu cinye kayan darasin.

Markus abokinsa ne tun sakandare. Shi ne abokin ango ranar bikin Yaya, tare kuma suka yi aikin a can. Tuwon uwarmu ya ci har ba adadi. Da ciwon ƙoda ya dawo da Yaya gida, Markus ya ci gaba da bugo waya yana tambayar yadda za a daidaita kaza da kaza, Yaya yana kwance yana ba shi amsa da ƙyar. Ina wurin, ni ke riƙe masa wayar. Ranar jana'iza Markus ya kama hannun Saratu, 'yar Yaya tilo, a bakin kabari, ya ce cikin kuka: "Kunnen nan na babanki ne. Duk inda ya shiga, da sunansa zai shiga." Ba wanda ya roƙe shi, shi ya faɗa da bakinsa.

A watan jiya aka ce Farfesa Markus ya zo Bauchi zai yi lacca. Saratu, wadda yanzu take karatun kimiyyar sinadarai, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta goge rigarta, ta ja ni muka hau keke mai ƙafa uku. Yau za ta ji sunan ubanta a bainar jama'a.

Ya yi bayani mai kyau, ba zan rage masa ba. Ya nuna hoton bututun, ya ce yanzu ana jin kwanso ɗaya-ɗaya, a san mai ciki da fanko. Ya gode wa Turawan da ya yi aiki da su, ya gode wa matarsa. Ina ta jira. Can sai ya sa hannu a aljihu, ya fito da gyaɗa biyu, ya jijjiga a kunne, ya ce kakarsa ce ta koya masa. Ɗaki ya ɗauki tafi. Kai! Ashe har gyaɗar ma bai bar mana ba.

Bayan taro Saratu ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba Markus, ni ce 'yar Istifanus." Ya dafa kanta, ya ce, "Allah sarki! Babanki mutumin kirki ne, ya ɗan taimaka mana a farko-farko." Ya juya ga masu ɗaukar hoto.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Na san shi, zai fara murna ne cewa kunnen yana ji, ya ce in bar maganar suna. To, shi kam haka yake. Ni ba ni da irin zuciyarsa, kuma ba shi ya zauna kusa da Saratu a keke ba. Mun kusa Yelwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Goggo, da gaske Baba ya yi wani abu, ko dai ke ce kike ƙara masa gishiri?"

Sunan da aka cire zan iya haƙura da shi. Wannan tambayar ce ban yafe wa Markus ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ba ni da takarda, ba ni da shaida sai kunnuwana da suka ji wayoyin nan. Na dai sa mai keke ya tsaya, na sayi gyaɗa mai ɓawo, na zuba mata a cinya don in sami abin yi da hannuna. Ta ɗauki ɗaya, ta auna a tafinta, ta kai kunnen hagu ta karkace kai, daidai yadda ubanta ke yi. Ta ce, "Wannan fanko ce," ta jefar da ita waje.