Ranar Su a Shafi na Uku

Jaridar ba ta wuce shafi huɗu ba. Wani tsohon malamin firamare ne ke haɗa ta a Haɗeja, ya ba direbobin kasuwa su sauke mana a ƙauye. Farashin shinkafa, wanda ya rasu, inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, wani lokaci har akuyar da ta ɓata. Ni nake karanta wa mutane bayan la'asar, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yadda ake yin tsit idan na gyara murya.

Muna da tafki a bayan gari, ambaliya ke cika shi ta bar mana kifi. Ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, ranar da kowa ke shiga da komarsa da gorarsa. Sarkin ruwa ke tsayar da ranar, kuma ba a yin shela. A kunne ake faɗa, gida gida, don kada baƙi su ji. Kifin ranar shi ake yi wa banda, shi ne miyar gari har damina.

Wata shekara ina cikin karatu sai ga ranar a shafi na uku, da sunan ƙauyenmu, har da cewa kowa ya zo. Bakina ya riga hankalina, na karanta ta tas. Da na ɗago, ba jaridar ake kallo ba, ni ake kallo.

Ranar su kuwa babura da a-kori-kura suka cika bakin tafki, wasu daga Miga, wasu daga Malam Madori. Wa zai kori baƙon da ya yi sallama? Kafin azahar an tace ruwan. Na koma gida da tarwaɗa 'yan ƙanana, ko kwano ba su cika ba.

Ba wanda ya ce mini kai ne. Da an faɗa ma da ya fi. Sai dai in na iso majalisa a koma zancen tsuntsayen da ke cin shinkafa. Yayana ne kawai ya tare ni a hanyar gona.

"Duk garin nan kai kaɗai ka san ƙofar mai jaridar nan," in ji shi.

"Yaya, in ni na kai, zan karanta da bakina?"

"To, Allah ya sani."

Raina ya ɓaci, na hau mota sai Haɗeja. Na sami mai jaridar yana ninke takardu a ɗan shagonsa.

"Malam, wa ya kawo maka ranar nan?"

"Mutumin garinku ne. Ba na faɗin wanda ya ba ni labari."

"To rubuta cewa ba ni ba ne."

Ya yi murmushi. "In na rubuta haka, wanda bai zarge ka ba ma zai fara."

Na dawo ina auna kowa. Mai shayi, wanda ya sayar da burodinsa kaf a ranar. Surukina, da ya tara itacen banda tun kafin lokaci kamar ya san za a yi ciniki. Har sarkin ruwan kansa, da na ga ya yi sabon gidan sauro da babur. Mutum ya gaishe ni da fara'a, sai in ce me yake rufewa? Ban kama kowa ba.

Da shekara ta zagayo, wata safiya na fito na tarar gari shiru, ba maza, ba yara. Matata ma ba ta nan, babbar robarta ba ta nan. Na zauna a ƙofar gida, komata tana rataye a zaure.

Da yamma ta shigo da roba cike da karfasa, ta sauke ba ta dube ni ba.

"Yaya ya ce a ba yara."

"Ke ma kin san yau ce?"

Ta daɗe tana gyara ɗankwali.

"Sun ce kada in gaya maka, Malam, sai an fito daga ruwa."