Filas Ɗin da Birmingham Ta Riƙe

Shekarar da na zo karatu Manchester, na tarar ɗalibanmu na unguwar Levenshulme suna zuwa Birmingham buga ƙwallo duk bayan Babbar Sallah. Wasan ƴan Arewa ake ce masa, kuma ba shi da kofi.

Wani likita a unguwar Handsworth ta Birmingham ne ke karɓar baƙuncinmu. Matarsa takan kawo shayi mai citta a wani jan filas ƙato. Ranar da muka ci ƴan Birmingham, kyaftin ɗinmu ya waiga bai ga abin ɗagawa ba, sai ya sunkuci filas ɗin ya ɗaga sama, muka yi ta ihu.

"Hajiya, a ba mu aronsa zuwa baɗi," in ji shi.

Ta ce, "Ku dai ku dawo mini da murfinsa."

Sunan wasan ne ya fara ba mu wahala. Wani Bazindire da ya shigo cikinmu ya ce, "Arewar wa? Mu a wajenmu ai ku ne ƴan kudu." Muka koma cewa wasan Hausawa. Ba a daɗe ba ƴan Birmingham suka kawo ƴan Sudan biyu, da maƙwabcin likita, wani ɗan Jamaika mai tsaron gida da bai san ko sannu ba. Likita ya yanke hukunci cewa tunda ƙasashe sun taru, gasar ƙasa da ƙasa ce. A baki kuwa kowa gasar filas yake cewa.

Da wannan mai tsaron gidan suka ci mu sau uku a jere. Likita ya rungume filas ya ce ya zama nasu har abada, wai haka Ghana ta riƙe kofin Afirka na farko. Muka yi gardama har la'asar ta kusa wuce mu. Hajiya dai dariya take yi, kayanta sun dawo gida.

Likita ya sayo kofi na gaske mai ruwan zinare, mu ne kuma muka fara cinsa. A jirgin ƙasa muna komawa, wata tsohuwar Baturiya ta tambaye ni ko mu shahararru ne. Na ce mata a Levenshulme dai an san mu. Ta sa jikanta ya ɗauke ta hoto riƙe da kofin, mu goma sha ɗaya a bayanta, takalmanmu duk taɓo.