Takardar Wutar da Ba Tamu Ba

Shekarar da aka dawo da ni koyarwa cikin garin Daura daga ƙauyenmu na wajen Sandamu, na kama ciki da falo a wani gidan haya mai ɗakuna bakwai. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ko kazar maƙwabci ce ta ci maka gero sai ka ji ana cewa a tafi gaban alƙali. Mai gidan wani Alhaji ne mai fataucin shanu, zamansa ya fi yawa a Kano, sai ya damƙa gidan a hannun ƙanin matarsa, wanda muke kira Wakili. Tsakani da Allah mutumin nan ba mugu ba ne, amma ko akuya ɗaya aka ba shi kiwo sai ta ɓace a hannunsa. A bayan kwalin ashana yake rubuta rasit ɗin haya. Makwararar gidan ta toshe tun farkon damina, muka kira shi, ya zo ya tsaya a kanta ya ce, "Lallai kam ta toshe," ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Mita ɗaya ce a gidan, tana maƙale a bangon zaure. Duk ƙarshen wata Wakili zai zo da takardar wuta, ya bi ɗaki-ɗaki yana ƙirga ƙwan fitila da fanka, ya raba kuɗin a kan haka. Da farko abin ba ya damun kowa. Can sai kuɗin ya fara hawa, wata bayan wata, har ya ninka sau huɗu. Gidan da ba mai firji, ba mai talabijin sai mutum ɗaya! Aka fara kallon-kallo, kuma duk idanun a ƙofata suke sauka, don ni ne baƙo, ni ne kuma nake fita da riga a goge kullum. Dutsen gugata na gawayi ne, na nuna musu shi har da tokarsa. Wakili ya ce ai na lantarkin ana iya ɓoye shi ƙarƙashin gado, har da hitar dafa ruwa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, ba na ɓoyewa. Duk ranar rabon kuɗi sai muryata ta kai bakin titi. Na kira Wakili sakarai, na kira shi wanda ya samu aiki albarkacin yayarsa, matata tana jan rigata ta baya, ga ta da ciki wata bakwai. Abin da ya ƙarasa ni shi ne hutun ƙarshen shekara. Muka tafi gida Sandamu muka yi wata guda, sai takardar watan ta zo da kuɗi ɗan kaɗan kamar na da. Shi ke nan, an kama ɓarawo! Wakili ya miƙo mini notis: in biya bashin wutar da ya taru, in kwashe kayana cikin mako biyu, in kuwa na ƙi, sai gaban alƙali. Ina zan kai mace mai tsohon ciki? Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce malamin makaranta yana satar wuta a kan talakawa.

A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Iya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tana riƙe kanta. Ko alif ba ta sani ba a boko. Ƙwan fitilarta ɗaya ne tak, shi ma da an yi isha'i take kashe shi, amma duk wata takwas ɗin da kuɗin ya yi yana hawa ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai ta kwance bakin zanenta ta ƙirga nata kason. Kullum da hantsi takan ɗauki kwaryar soyayyar gyaɗa ta zagaya bayan gidanmu, inda wani mai injin niƙa yake haya a shagon Alhajin. Mutumin nan yana tausaya mata, rabin kuɗi yake karɓa a hannunta, wata rana ma ya ce ta bar shi.

Ranar Juma'a da Alhaji ya zo gari, aka tara mu a zaure bayan an sauko daga masallaci. Na shigo da alwalata, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa.

Sai na ji muryar Iya daga bakin ƙofa. "Ɗan nan, a kan ƙwan fitila za ka dafa Littafin Allah? Zauna."

Na zauna, ban san lokacin da na zauna ba. Ta durƙusa ta gaishe da Alhaji, ta tambayi mutanen gida da kasuwa, ba gaggawa, sannan ta juya ga Wakili.

"Wakili, watan da ka ce wuta ta yi sauƙi don Malam ya yi tafiya, ni ƙuguna bai manta watan ba. Watan ne mahaifin mai inji ya rasu a garin Babban Mutum, ya rufe shago ya tafi, bai dawo ba sai da aka yi sadakar arba'in. Da turmi na riƙa kirɓa gyaɗata. Da azumi kuma, da mata suke layin markaɗe tun safe, lokacin ne kuɗinmu ya fi tashi. Ni dai ban yi boko ba, amma takardu nawa kake karɓowa?"

Wakili ya ce biyu, ta gida da ta shago.

"To yaya kake gane ta wane ce?"

Ya sosa ƙeya ya ce ai gida ya fi shago girma, don haka babbar ta gida ce, ƙaramar ta shago. Da can tsohon ma'aikacin wuta ne yake kai wa kowa tasa, da aka sauya shi sai sabon ya riƙa haɗa wa Wakili su biyun. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana salati.

Ina shirin tashi in yi wa Wakili wankin babban bargo, sai Iya ta karɓi takardar ta miƙo mini.

"Malam, kai ne mai karatu. An ce akwai lamba a jiki. Ka taɓa dubawa?"

Kai! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata takwas ina ihu a kan takardar nan, idona bai taɓa wuce wurin kuɗin ba. Na miƙe na kara ta da mitar da ke bango, lamba ko kusa ba ta zo ɗaya ba. Muka zagaya shago, ga lambar nan ɓaro-ɓaro a mitar mai inji. Lallai abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Alhaji ya yaga notis ɗin a gabanmu, ya ba ni haƙuri, ya ce a cire mana rarar da muka biya daga kuɗin haya. Wakili dai ba a kore shi ba, wa zai kori ƙanin uwargida? Mai inji kuwa da aka lissafa masa abin da zai biya sai ya hau sama, ya ce shi abin da aka kawo masa ya biya, kuma gaskiyarsa ce. Washegari Iya ta kai gyaɗa, ya ce injinsa ba ya niƙa ta masu dogon baki.

Na same ta da kwaryar a ka, za ta kama hanyar wani injin can wajen kasuwa, tafiya mai nisa ga mai shekarunta. Kunya da tausayi suka rufe ni. Na ce, "Iya, ashe kin san haka za ta faru?"

"Na sani mana. Tun watan jiya na gane, na yi ta juya abin a raina, don mutumin nan ya yi mini alheri. Amma in zuba ido a fitar da yarinyar nan da ciki a kan ƙarya? Da wane bakin zan ci ƙulin?"

Na sauke kwaryar daga kanta na ɗaure a bayan kekena. Ta ce haba, malami guda da kwaryar gyaɗa? Na ce ai malamin bai iya karatu ba. Shekara huɗu na yi ina kai mata niƙa kafin in wuce makaranta, har ɗalibai suka riƙa cewa rigata ƙanshin ƙuli take yi. A ɗakina na gidan nan aka haifi 'yata ta fari, Iya ce ta yanke mata cibiya, sunanta kuma na sa wa yarinyar.